Wasan Da Ba A Cinye Maigida

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar mota ta Titin Bauchi a Jos cikin watan Disamba ya san abin da ake kira sanyi. Garin bisa tudu yake, tsayinsa kamar mita 1,200 daga bakin teku, saboda haka mutumin da ya saba da zufar Ikko ko ta Fatakwal, in ya zo ganin gida, tun kafin lisha yake neman bargo. Majalisar dara ta ƙofar gida ta watse da wuri. Maigida ya shiga ciki, an gaisa, an ci tuwo, an yi lissafin kuɗin haya da na makarantar yara, daga nan sai shiru. Ga shi kuwa wata goma rabon da su zauna tare da uwargida.

Mutanen wannan yanki, har su Unguwar Rogo, sun san wani zaman ɗakin da ya fi wannan tsawo. A Janairun 2010, da kuma Agustan 2021, hukuma ta kafa dokar hana fita dare da rana saboda tashin hankali, miji da mata suka wuni suna duban juna, ba kasuwa, ba majalisa. In hira ta ƙare, me za a yi?

Wani zai ce a yi dara. To, dara wasa ce mai kyau: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. Zabarmawa ma suna yin ta, suna ce mata dili. Amma ta maza ce, a gindin bishiya, kuma dole a cinye wani. Haka ludo, haka ayo da baƙi ke gani wurin Yarbawa, mai gurbi 12 da ƙwaya 48. Nan gizo ke saƙa. Akwai maigidan da in matarsa ta cinye shi sau biyu a jere, sai ya tuna ai yana da sammako. Mace mai wayo kuwa takan bari a cinye ta da gangan don a zauna lafiya. Wannan ba wasa ba ne, wani aikin gida ne aka ƙara mata.

Akwai wani irin wasa da ya kauce wa wannan matsala. A shekarar 2007 wani Bajapane, Takao Kato, ya fara shi a birnin Kyoto: a shigar da mutane ɗaki, a ɓoye hanyar fita, su yi ta warware kacici-kacici har su kuɓuta kafin lokaci ya cika. A 2016 wani kamfanin Jamus mai suna Kosmos ya mayar da ɗakin ɗan kwali wanda za a buɗe bisa tabarma, aka sa masa suna Exit. Waɗanda suka ƙago shi, Inka da Markus Brand, su kansu mata da miji ne, kuma a 2017 ya ci ɗaya daga cikin manyan kyaututtukan wasanni na ƙasar. Cikin kwalin akwai ɗan littafi, da katuna, da faifan takarda da ake juyawa a gwada amsa. Labarin yakan ce an kulle ku a wata bukka cikin daji, ko a kabarin Fir'auna. In abu ya cije akwai katin taimako. Sau ɗaya ake yin kowane kwali, gama sai an yanka wata takardar, an ninke wata.

Abin lura shi ne ba abokin gaba sai agogo. In an fita, tare aka fita. In an makale, tare. Wanda ya iya lissafi ya kawo nasa, mai kaifin ido ta kawo nata, kuma sau da yawa wadda ta saba gano inda yaro ya ɓoye canjin aike ita ke fara hango alamar da aka sakaya a gefen hoto.

Ba lalle sai kwalin Jamus ba, wanda ma sai mai jin harshen da aka buga shi. Kacici-kacici ba baƙo ba ne a gidan Bahaushe. Wa bai yi ƙulun ƙulufit a ɗakin kakarsa ba? Ɗan kwado mai lamba uku, irin na jakar tafiya, ya isa. A sa ƙane ko babban ɗa ya kulle tsarabar da aka zo da ita daga Kudu cikin akwati, ya rubuta tambaya uku, kowace amsarta lamba guda, ya ɓoye takardun, ɗaya ƙarƙashin matashi, ɗaya cikin kwalla, ɗaya a aljihun babbar riga. Shi mai kullewa ya tafi da bakinsa. Sharaɗi dai guda: kada maigida ya san lambar tun da fari, kada kuma ya fizge takarda daga hannun uwargida don yana ganin ya fi ta boko. In an yi rabin sa'a akwati bai buɗu ba, sai a aika a kira yaron, a ba shi kuɗin ƙosai, ya faɗi lamba ɗaya.