Paul Newman: Mai ƙamusun Hausa da ya zama lauya

Da wuya a sami ɗalibin Hausa da ya ratsa jami'a ko kwalejin ilimi a arewacin Nijeriya tun daga ƙarshen shekarun 1970 wanda bai taɓa buɗe ɗan littafin nan mai suna Sabon Ƙamus na Hausa zuwa Turanci ba.

A bangon littafin akwai sunaye biyu, Paul Newman da Roxana Ma Newman, miji da mata, dukkansu masana kimiyyar harshe daga Amurka.

Mijin, wanda ba shi da wata dangantaka da takwaransa tauraron fina-finai da ya mutu a 2008, ya shafe fiye da shekaru 50 yana nazarin Hausa da danginta. Da girma ya zo masa kuma sai ya koma aji ya karanta shari'a, ya fito lauya.

Daga Maiduguri zuwa Kano

An haifi Newman a 1937, kuma falsafa da ilimin halayyar al'umma ya fara karantawa a Jami'ar Pennsylvania.

A 1961 ne ya zo Nijeriya cikin rukunin farko na matasa 'yan sa-kai na Peace Corps, shirin da shugaba John Kennedy ya ƙirƙiro a wannan shekarar. Aka tura shi koyarwa a makarantar sakandare a Maiduguri.

A can ne hankalinsa ya karkata ga ƙananan harsunan arewa maso gabas. Digirinsa na uku, wanda ya samu a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1967, a kan harshen Tera ya yi shi, daga baya kuma ya rubuta littafi kan harshen Kanakuru.

Ke nan ta ƙofar baya ya shigo wa Hausa. Ya fara sanin danginta kafin ya zauna a gidanta, abin da ya yi tasiri a kan duk ayyukan da ya yi daga baya.

A 1972 ya zo Kano, ya zama daraktan farko na Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero, wadda a lokacin reshe ce ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya bar Kano a 1975 zuwa Jami'ar Leiden a ƙasar Holand, daga can kuma ya koma Jami'ar Indiyana a Amurka a 1983.

Sunayen da suka ɓace

Ba shi ne ya fara yi wa Hausa ƙamus ba. Shekaru 100 kafin nasa, wato a 1876, wani ɗan mishan Bajamushe, James Frederick Schön, ya fitar da ƙamusun Hausa a Ingila, alhali bai taɓa taka ƙasar Hausa ba.

Yawancin Hausar da Schön ya rubuta daga bakin Dorugu ya ji ta, wani yaro daga yankin Damagaram da aka taɓa kamawa bawa, wanda matafiyin nan Heinrich Barth ya tafi da shi Turai. A 1971 Newman da Anthony Kirk-Greene suka sake fitar da tarihin rayuwar Dorugu da Turanci.

Bajamushe Adam Mischlich ya fitar da nasa ƙamusun a 1906, bayan ya daɗe yana aiki da Imam Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna a Kete-Krachi, cikin ƙasar Ghana ta yanzu.

Sai kuma babban ƙamusun G. P. Bargery na 1934 mai ɗauke da kalmomi fiye da 39,000, wanda har yanzu masana ke komawa gare shi idan wata tsohuwar kalma ta shige musu duhu. Na R. C. Abraham ya biyo baya a 1949 ɗauke da sunan Malam Mai Kano a matsayin abokin aiki, amma da aka sake buga shi a 1962 sunan Abraham kaɗai ya rage.

Duk waɗannan littattafai an yi su ne domin Turawa, 'yan mishan da jami'an mulkin mallaka da ke son jin abin da talakawa ke faɗa. Bahaushe shi ne rijiyar da ake ɗiba, amma ba shi ake nufin shayarwa ba.

A nan ne ƙamusun 1977 ya bambanta. Ƙarami ne, yana shiga jakar ɗalibi, a Ibadan aka buga shi, kuma ya tattaro kalmomin zamani na ofis da makaranta da rediyo waɗanda ba su wanzu ba a zamanin Bargery. An kuma bayyana sunayen waɗanda suka taimaka, ciki har da Ibrahim Yaro Yahaya, wanda daga baya ya zama farfesa ya rubuta littafin Hausa a Rubuce.

Ƙamusun ya nuna karin sauti da tsawon wasali a kan kowace kalma, abin da rubutun yau da kullum ba ya yi. Bahaushe ba ya rikita kukan yaro da kukar miya, ko wuyan riga da wuyar aiki, ko garin Bebeji da garin tuwo, domin kunnensa ya san bambancin. Baƙo kuwa sai an nuna masa.

Cibiyar da ya jagoranta ita ce a 2006 ta fitar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ke bayyana ma'anar Hausa da Hausa, kuma malamai Hausawa ne suka yi aikin.

Me ya raba talaka da talauci?

Babban aikin Newman shi ne littafin nahawun Hausa da Jami'ar Yale ta buga a 2000, mai shafuka fiye da 700. Amma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne tarihin harshen, wato yadda kalmomi suka sauya kama a tsawon zamani.

Kowa na cewa talaka, amma halin da yake ciki talauci ne. Ana cewa zuciya, jam'inta kuma zukata. Haka buzu da bugaje, haka ɓauna da ɓakane.

Wani masani Bajamushe, August Klingenheben, ya lura tun a 1928 cewa baƙaƙen da suka zo a ƙarshen gaɓa suna raunana a Hausa. Harafin k ko g yakan narke ya koma u, shi ya sa k ɗin talaka ya ɓace a talauci, ya kuma ɓace a zuciya amma ya tsira a zukata. Harafin t ko s yakan koma r, kamar yadda fita ke zama firfita, kashe ke zama karkashe.

Newman ya rubuta littafi sukutum a kan wannan ƙa'ida a 2004. Wani ɓangare nata bai game ƙasar Hausa duka ba: inda Bakano ke cewa sauka da zauna da Audu, Basakkwace na cewa sabka da zamna da Abdu.

Ma'ana, masu yi wa Sakkwatanci dariya cewa karkatacciyar Hausa ce sun juya tarihi. A wannan fanni dai, Kananci ne ya sauya.

Haka nan a 1977 ya kasa dangin harsunan Cadi, waɗanda suka haura 100, zuwa manyan rassa huɗu. Hausa na reshen yamma tare da Gwandara da Bolanci da Angas da Bade. Dangin gaba ɗaya kuma suna haɗuwa da Larabci da harshen Buzaye da na Misirawan dā a tushe mai nisa.

Saboda haka kamannin Hausa da Larabci iri biyu ne. Littafi da alƙali da lokaci aro ne da ya shigo tare da Musulunci. Amma mutu da suna da me, masana na ganin gado ne tun daga kakan da harsunan suka haɗa.

Komawa aji

A 2003, yana da kimanin shekaru 66, farfesan ya karɓi digirin lauya daga Jami'ar Indiyana, inda yake koyarwa. Ya ƙware a dokar haƙƙin mallakar rubutu, har ya yi aiki a matsayin mai ba da shawara kan wannan fanni a ɗakin karatu na Jami'ar Michigan.

A 2007 ya wallafa maƙala yana yi wa masana harshe bayanin dokar, kamar abin da marubuci ke sarayarwa idan ya sa hannu a yarjejeniya da kamfanin ɗab'i, da kuma lokacin da ake bukatar izini kafin a yi amfani da aikin wani.

Batun ya shafi mai ƙamus kai tsaye. Kalmomin harshe ba mallakar kowa ba ne, amma bayanin da aka yi musu da yadda aka tsara su suna da mai su a idon doka. Wanda ya san labarin Dorugu da Malam Mai Kano ba zai ɗauki tambayar wane ne mai aiki da wasa ba.

Haɗa ƙamus da shari'a ba sabon abu ba ne. Ita kanta kalmar ƙamus ta samo asali ne daga Alƙamusul Muhiɗ na Fairuzabadi, littafin da malaman zaure suka sani, kuma marubucinsa babban alƙali ne a ƙasar Yaman har ya rasu a farkon ƙarni na 15.

Noah Webster, wanda ya fitar da babban ƙamusun Turancin Amurka a 1828, lauya ne kuma ya yi ɗan majalisa. A Sri Lanka ma, Sir Baron Jayatilaka, lauya kuma jagoran majalisar ƙasar daga 1931 zuwa 1942, shi ne babban editan farko na ƙamusun harshen Sinhala, aikin da ba a kammala ba sai a 1992, kusan shekaru 50 bayan mutuwarsa.

Newman bai shiga siyasar zaɓe kamar waɗannan biyun ba. Tasa rigimar a fagen ilimi ya yi ta.

Harsunan da Hausa ke haɗiyewa

A 1998 ya wallafa wata maƙala da ta tayar da ƙura, inda ya ɗora wa su kansu masana harshe laifi game da harsunan da ke mutuwa ba tare da an rubuta su ba. A ganinsa, jami'o'i sun fi daraja masu zama a ofis suna ƙirƙirar ra'i fiye da masu shiga ƙauye da littafi da na'urar ɗaukar magana, kuma ba sa horar da ɗalibai yadda ya kamata kan wannan aiki.

Wasu sun soki matsayinsa na fifita rubuta harshe a kan fafutukar raya shi, suna cewa masu harshen ba kayan bincike ba ne kawai.

A arewacin Nijeriya maganar tana da ɗan ɗaci, domin harshen da ke danne ƙananan harsuna a nan galibi Hausa ce, ba Turanci ba. A jihohin Bauchi da Filato da Gombe akwai garuruwan da kakanni ke magana da harshensu, jikoki na amsa musu da Hausa.

Ko a jihar Kano ba a rasa misali ba. A kudancin jihar, wajen Tudun Wada da Doguwa, akwai Kurama masu nasu harshen, wanda ba ya cikin dangin Cadi ma sam, kuma Hausa ce harshen kasuwa da na hulɗar yau da kullum a kewayensu.

A 2020 Newman da maiɗakinsa suka fitar da Ƙamusun Hausa na Yau da Kullum, wannan karon a maɗaba'ar Jami'ar Bayero da ke Kano, domin ya isa hannun masu harshen. A 2022, yana da shekaru 85, Jami'ar Cambridge ta buga littafinsa kan tarihin harshen Hausa.