Ko Kun Sani? Ƙishirwa Tana Tsare Magani a Jikin Dabba

Allurar da ta warkar da akuya da damina tana iya yi mata illa da bazara. Ƙoda ce ke tace magunguna da yawa ta fitar da su ta fitsari. In dabba ta daɗe rabonta da ruwa, jinin da ke ratsa ƙodar yakan ragu, fitsari ya yi ƙaranci, maganin ya yi zamansa a jiki. An gwada haka da ɓerayen ɗakin bincike: waɗanda aka hana ruwa, maganin gentamicin ya fi taruwa a ƙodarsu, ya kuma fi yi mata lahani.

Zancen ya shafi wurare irin su garin Rumbu ta Dakoro, inda garkuna ke wuni a bakin rijiya cikin zafin Afrilu da Mayu. Ko raƙumi, mai jure rasa ruwan da ya kai kashi 25 cikin ɗari na nauyinsa, rage fitsari na cikin hanyoyin da yake yin wannan juriyar, don haka bai tsira ba.

Makiyayi, shayar da dabbarka kafin allura, ka kuma faɗa wa malamin dabbobi yaushe rabonta da ruwa.