Bindigar Iska da Ɓarayin Kaji: Inda Take Aiki da Inda Ba Ta Kai Ba

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san irin safiyar nan. Ka fito da tsaba a hannu, ka buɗe akurki, sai ka tarar da gashi a warwatse, jini a ƙasa, daƙwalwar da kake ji da ita babu ita babu dalilinta. Abin da ke fara faɗo wa mutum a rai a lokacin shi ne ramuwa. A ƙauyukanmu yaro zai ɗauko danƙo, ko a ɗana tarko, ko a kira maharbi. A Amurka da Birtaniya kuwa, abin da masu kiwon kaji a bayan gida da dama ke garzayawa su sayo shi ne bindigar iska.

Kiwon kaji a gida ya sake samun karɓuwa a Amurka tun lokacin kullen korona a 2020, kuma murar tsuntsaye ta ƙara masa kaimi, domin a watan Maris na 2025 farashin dozin na ƙwai ya haura dala 6. Mutanen da ba su taɓa riƙe kaza ba suka kafa akurki a bayan ɗaki, ba a jima ba suka gane cewa naman kaza kowa na so. Akwai rakun, wata dabba mai girman muzuru ko fiye, mai baƙin zane a ido da yatsun gaba masu iya zare sakata. Akwai yanyawar Turai mai jan gashi, da kayoti ɗan'uwan dila, da wasu siraran dabbobi masu kama da tunku, ga shaho da rana, ga mujiya da dare, ga ɓeraye a kowane lokaci. Mai akurki yana zaune cikin unguwa, ba ya son ƙarar bindigar albarushi ta tayar da maƙwabta, sai ya ga bindigar iska ita ce daidai da shi: ga araha, ga ƙarancin ƙara. Abin tambaya shi ne, shin tana biya masa buƙata?

Bari mu fara da yadda take aiki. Bindigar iska ba ta ƙona albarushi. Matsattsiyar iska ce ke ingiza ɗan harsashin dalma ya fita ta baki. Wadda aka fi sani ita ce mai karyawa: in ka lanƙwasa bakinta ƙasa, ka matse wani sifirin mai ƙarfi ke nan, da ka ja kunama sai sifirin ya saki, ya tura fistin, fistin ya matse iska, iska ta kori harsashi. Akwai mai ɗan tulu da ake ɗura wa iska da famfo tun kafin a fita, har matsinta ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 200 ko fiye, ita ce ta fi saiti kuma ta fi tsada. Akwai kuma mai amfani da ƙaramin gwangwanin iskar gas, wadda ƙarfinta ke raguwa in gari ya yi sanyi. Fasahar ba sabuwa ba ce. Sojojin Ostiriya sun riƙe wata bindigar iska da ake kira Girardoni tun wajen 1780, kuma irinta ce ayarin Lewis da Clark suka tafi da ita a tafiyarsu ta ratsa yammacin Amurka daga 1804 zuwa 1806.

Harsashin da aka fi amfani da shi iri biyu ne: mai kaurin milimita 4.5, wanda nauyinsa bai wuce rabin giram da ɗan kai ba, da mai milimita 5.5, mai kusan giram ɗaya. Masana na auna ƙarfin dukan harsashi da ma'aunin jul. A Ingila, bindigar iskar da baligi zai mallaka ba tare da takardar izinin bindiga ba dole ne ƙarfinta ya tsaya a kan jul 16 da 'yan kai. A Jamus iyakar ma jul 7.5 ce. Don a gane ƙanƙantar wannan, mafi ƙarancin bindigar albarushi da manoman Ingila ke harbin zomo da ita tana ninka iyakar Ingila kusan sau goma.

A nan ne maganar take. Harsashin jul 16 yana kashe ɓera, da kurege, da zomo, da tantabarar daji, in an same su a ka daga nesan da bai wuce mita 30 ba. Wurin da za a sama kuwa bai fi faɗin kwabo ba. Amma rakun ko yanyawa ko kare, ƙoƙon kansu ya fi kauri, jikinsu ya fi girma, kuma ba sa tsayawa su jira ka daidaita. Abin da ya fi faruwa shi ne harsashi ya shige cinya ko muƙamuƙi ya zauna, dabbar ta ruga daji ta yi kwanaki tana jinya kafin ta mutu, ko ta rayu da rauni. Dabbar da ta gurgunce ba ta iya farautar daji, don haka abinci mai sauƙi take nema, kuma babu mai sauƙi kamar kaza a akurki. Shi ya sa ƙungiyoyin maharba na Birtaniya da kansu ba su yarda a harbi yanyawa da bindigar iska ta gama-gari ba. Gaskiya ne a Amurka, inda dokar tarayya ba ta lissafa bindigar iska cikin bindigogin wuta, ana sayar da manya masu ƙarfin da za su kayar da rakun har da abin da ya fi shi. Sai dai wadda ta kai wannan ƙarfi ta riga ta rasa abin da ya sa aka so ta tun farko: tsadarta ta hau, harsashinta na iya huda katako ya faɗa gidan maƙwabci. Ni a ganina, barin dabba da rauni tana wahala zalunci ne, ko da kuwa ita ta cinye maka kaji. Addininmu ya hore mu da kyautatawa hatta wajen yanka.

Sai kuma doka, wadda mai fushi ke mantawa da ita. A Amurka shaho da mujiya duk suna ƙarƙashin kariyar dokar tsuntsaye masu ƙaura ta 1918, wadda aka faɗaɗa ta a 1972 ta haɗa da tsuntsaye masu farauta. Ko a gabanka shaho ya sure ɗan tsako, in ka harbe shi ba da izinin hukumar tarayya ba, ka yi laifi. A Birtaniya dokar namun daji ta 1981 ta kare tsuntsayen daji gaba ɗaya, sai 'yan kaɗan irin su hankaki da tantabarar daji da aka ba da damar rage su bisa sharuɗɗa. A can laifi ne ma harsashinka ya tsallake iyakar filinka. A Sikotlan, mutuwar wani yaro ɗan shekara biyu a Gilasgo a 2005, wanda harsashin bindigar iska ya sama a ka, ita ta tayar da gangamin da ya haifar da dokar 2015, kuma tun ƙarshen 2016 ba a mallakar bindigar iska a can sai da takarda. Wannan labari kaɗai ya isa ya rufe bakin mai cewa kayan wasan yara ce. A Najeriya ma dokar bindigogi ta 1959 ta sa bindigar iska cikin rukunin da sai da lasisin 'yan sanda ake riƙewa. A halin tsaron da arewa ke ciki, mutumin da aka gani da abu mai siffar bindiga da dare a bayan gida, kafin ya yi bayanin cewa ɓera yake dako, mai afkuwa na iya afkuwa.

Akwai wata illa da ba kasafai ake ambatonta ba, kuma ita ta fi tsaya mini a rai. Kaza ba ta da haƙori, tsakuwa take haɗiya ta tara a ƙundu don niƙa hatsi. Ɗan harsashin dalma da ya faɗi a tsakar gida, a idon kaza tsakuwa ne. In ta haɗiye shi, ƙundu zai yi ta gurzarsa, dalma ta shiga jini, daga nan ta kai ga ƙwai da nama. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwar yara, kuma mutanen Zamfara ba sa buƙatar a yi musu bayani a kanta bayan abin da ya faru a 2010, lokacin da gubar dalma daga aikin haƙar zinari ta kashe ɗaruruwan yara. Ba ina kwatanta girman al'amuran biyu ba ne, amma gubar ɗaya ce, kuma likitoci ba su san wani adadi nata da za a ce ba shi da illa ga yaro ba. Ana yin harsashin kuza maras dalma, wanda ya ga lallai sai ya yi harbi kusa da kajinsa, shi ya kamata ya nema.

To ina amfanin bindigar yake? A kan ɓera. Manoman Ingila sun daɗe suna amfani da ita a rumbuna da gidajen kaji, da fitila ko na'urar gani da dare, a bayan abin harbin kuma akwai bango ko tudun ƙasa da zai tare harsashi. Ta fi guba ta wata fuska, domin ɓeran da ya ci guba kyanwa ko mujiya ko kazar kanta na iya cin gawarsa su ma su mutu. Duk da haka harbi rage yawa kawai yake yi. Ɓera na haihuwa bayan ciki na kimanin mako uku, 'ya'ya shida zuwa goma ko fiye a ciki ɗaya, kuma kafin wata uku su ma sun fara haihuwa. Muddin dusa na kwana a buɗe, in ka kashe goma yau wasu goma na tafe. Haka abin yake ga manyan dabbobi: in aka kawar da wadda ke riƙe da yanki, wata ta maye gurbinta. A wajenmu kuma gawar ɓera ba abin ɗauka da hannu ba ce, saboda zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, ɓera ne ke yaɗa shi.

Mafi yawan ɓarnar da dare ake yin ta, lokacin da mai bindiga ke barci. Abin da ke gadi har gari ya waye shi ne ginin akurkin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Siririyar ragar nan mai manyan idanu da ake kira ragar kaji an yi ta ne don hana kaza fita, ba ta hana ɓarawo shiga: rakun na zura hannu ta ciki ya jawo kaza, kare na yaga ta. Wadda ƙwararru ke ba da shawara ita ce ragar ƙarfe mai kauri, mai idanun da ba su wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba, domin wasu siraran dabbobin na kurɗawa ta ramin santimita biyu da rabi. A binne gindinta kamar santimita 30, ko a shimfiɗa ta a ƙasa ta waje kewaye da akurki, don mai tono ya ci karo da ƙarfe. A rufe sama saboda shaho. A sa kwaɗo ko sakata mai wuyar zarewa. A rufe kaji kafin magariba, a kwashe ƙwai kullum, a ajiye abinci a durom mai murfi.

Kafin ma a yanke wa kowa hukunci, ya kamata a karanta sawun ɓarawon, domin kowanne da irin aikinsa. Yanyawa da dila kan ɗauke kaza sukutum su bar ɗan gashi. Kare ya kashe da yawa ya watsar bai ci ba. Shaho yana fige gashi a wuri guda da rana tsaka. Dangin tunku wuya suke kamawa, sukan kashe fiye da abin da za su ci. In ƙwai ya ɓace babu ko ɓawo, a zargi maciji. In 'yan tsaki ne ke raguwa ɗaya-ɗaya da dare, a nemi ramin ɓera ko gafiya. Sau da yawa wanda aka gani a kusa shi ake harbi, alhali mai laifin yana rami.

Mujiya ce ta fi shan wannan zalunci a wajenmu, saboda camfin da aka ɗora mata. Alhali farar mujiya mai kwana a tsofaffin gine-gine ɓeraye ne abincinta, har manoman kwakwar manja a Maleshiya da manoman kwarin Urdun suna kafa mata akwatunan sheƙa don ta zauna a gonakinsu. Wanda ya kashe ta ya kori mai gadin da ba ya karɓar albashi.

Iyayenmu mata sun riga kowa gane hanyar. Kaza mai 'ya'ya ke gudun shirwa, shi ya sa suke kife 'yan tsaki da kwando har su yi ƙwari, su ɗaga akurki daga ƙasa, su toshe ƙofarsa da faifai da dutse in rana ta faɗi. Kuma wanda ya san kiwon karkara ya san annobar da ke share kaji lokacin hunturu, wato cutar Niyukasul, ta fi shaho da muzuru ɓarna nesa ba kusa ba, ga shi cibiyar binciken dabbobi ta Vom a jihar Filato na yin allurar rigakafinta.

Don haka mai karatu, in kana da kuɗin da ka ware don kare kajinka, fara da raga mai kauri, da kwaɗo, da durom mai murfi, da rigakafi. Yau da yamma, kafin ka rufe akurki, zagaya shi ka duba: duk ramin da yatsunka biyu suka shige, toshe shi kafin ka kwanta.