Yadda mangaza ta zama mujalla

A Guéné, kan hanyar Malanville, za ka ji ɗan kasuwa ya ce ya jibge buhunan masara a mangaza. Daga "magasin" ta Faransanci aka aro kalmar, kuma uwarsu ɗaya da "magazine" ta Ingilishi, wato mujalla.

Tushensu Larabci ne, "makhazin", ɗakunan ajiya. Kalmar ta bi fatake zuwa Italiya, ta ratsa Faransa, ta isa Ingila a ƙarni na 16 tana nufin ma'ajiyar kaya, musamman albarushi. A 1731 Edward Cave ya fara buga "The Gentleman's Magazine" a Landan, wai rumbun labarai ke nan. Masu ɗab'i suka kwaikwaye shi, sunan ya bi takarda. Sojoji kuwa har yau da shi suke kiran gidan harsashin bindiga.