Taki a ƙasa, kaji a akurki: yadda za a ciyar da shuka ba tare da asarar kaza ba

A yawancin gidajenmu na zango a nan Kumasi, filin tsakar gida ɗan kaɗan ne, amma za ka ga mangwaro ko lemu, ga 'yan kunyoyin alayyafo da kuɓewa, ga kuma kaji suna kiwo. Da ruwan sama ya kankama a watan Afrilu, sai maigida ya auno takin zamani ya watsa a gindin shuka, ya tafi harkarsa. To, a nan ne matsala take farawa.

Kaza ba ta da haƙori. Tsakuwa take haɗiya domin ƙundunta ya niƙa mata abinci, shi ya sa duk ɗan abu mai ƙwaya-ƙwaya sai ta tsince shi. Takin NPK 15-15-15 da yuriya kuwa ƙwayoyi ne masu kama da tsaki. Idan ta ci da yawa, ko ta sha ruwan da takin ya narke a ciki, tana iya mutuwa. Hausawa dai sun ce kaza mai yawan tono ita ke tono wuƙar yanka ta.

A lambun makarantar da nake koyarwa, ƙa'idar da na kafa wa ɗalibai guda ce: sai taki ya shiga ƙasa kafin kaza ta fito. A rufe kaji a akurki tukuna. A haƙa ɗan rami a zagaye bishiyar daidai inda inuwar rassanta ta tsaya, domin a nan ƙananan saiwoyi masu shan abinci suke, ba a jikin kututture ba. A zuba takin, a rufe da ƙasa, a ba shi ruwa sosai. Ni nakan bar kajin kwana biyu a rufe, sannan in jera duwatsu ko ƙaya a wurin don kada su tone. Binnewar ma riba ce: kashi 46 cikin 100 na yuriya naitirojin ne, idan an bar ta a fili wani ɓangarensa iska yake bi.

Wani zai ce, "Malam, ai ga kashin kajin nan kyauta." Gaskiya ne, taki ne mai kyau, amma fa ba ɗanye ba. Ɗanyen kashin kaji yana da zafi, yana ƙona saiwa, kuma yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. A tara shi a gefe, a gauraya da busasshen ganye ko garin katako, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Tsibin zai ɗau zafi, zafin nan ne ke kashe ƙwayoyin cuta. Idan ya yi baƙi, ya daina wari, ya koma kamar ƙasa, to ya nuna.

Wanda ya riga ya zuba ɗanye, sai ya jira. Ƙa'idar noma ba da sinadari ba ta Amurka ta tanadi kwana 120 kafin a girbi abin da ke taɓa ƙasa, irin su latas da karas, da kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kamar 'ya'yan itace. Mu da yaranmu ke cin ɗanyen latas da wake da shinkafa, ya kamata mu riƙe lissafin nan.

Sai maganin ƙwari mai ƙwaya-ƙwaya irin su Furadan. Wannan guba ce ga tsuntsu, kada ma a shigo da shi gidan da ake kiwo. Ragowar taki kuma a ɗaure bakin buhun, a ɗora a sama, nesa da dusar kaji da hannun yara.

Kaza ɗaya a gidan talaka kuɗin littafi ce, kuɗin magani ce. Kwana biyu a akurki ba zai rage ta da komai ba.