Abin da ke sa rezo cushewa ranar Salla

Ranar Salla, ɗan ci-rani a Abidjan ya kira gida Maraɗi, kira ya ƙi shiga. Sau da yawa ba lalacewa ba ce, hanyoyin ne suka cika. A tsarin GSM, kowace tashar rediyo gurbin kira 8 gare ta, kuma zangon da hukumar ARCEP ke raba wa kamfanoni ƙayyadadde ne.

Injiniyoyi na da dabaru biyu. Ta farko, a karkata tashoshin da ke zaune banza zuwa unguwar da kira ya yi yawa. Ta biyu, eriya mai saita kanta, wadda ke auna wayar mai kira maimakon watsa sigina ko'ina. Kutse ya ragu, sai eriyar maƙwabta ta yi aiki da wannan tashar, kiraye-kiraye su ƙaru ba da sabon zango ba.