Rumbun Ilimi Na Nan, Saura Iya Ɗiba

A Tudun Wadar Kaduna ne babbar harabar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna take, makarantar da ta samo asali a 1956, ta kuma zama cikakkiyar kwaleji a 1968. Babban ɗakin karatunta yana ɗauke da sunan Alhaji Isa Kaita, Wazirin Katsina, ministan ilimi na Jihar Arewa a zamanin Sardauna. A da, ɗalibin da ke neman littafi a irin wannan ɗaki sai ya jawo durowar katuna, ya duba sunan marubuci, ya kwafi lamba, sannan ya nufi kanta. Yau mafi yawan sabon bincike yana cikin rumbunan bayanai na intanet, kuma shiga cikinsu sai da koyo.

Ɗalibai da yawa sun ɗauka Google ya gama komai. Abin da ba su sani ba shi ne, manyan mujallun masana a kulle suke, sai makarantar da ta yi rajista take samun lambar shiga. Akwai JSTOR mai adana tsofaffin mujallu. Akwai AJOL, wanda ya fara a 1998, yana tattara mujallun Afirka, ciki har da na Nijeriya masu yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe Hinari a 2002 domin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su karanta binciken likitanci kyauta ko da rahusa, AGORA kuma ya biyo baya a 2003 a fannin noma. DOAJ kuwa a buɗe yake ga kowa, ko a waya.

Yaya ake neman? Mu ɗauka ɗaliba za ta rubuta kundi kan gurɓatar ruwan rijiya a unguwannin Kaduna. Idan ta zuba taken kundin gaba ɗaya a akwatin nema, ko ta samu tarkace dubu, ko ta tashi a tutar babu. Dabarar ita ce ta tsamo kalmomi biyu ko uku masu nauyi, da Turanci tunda da shi aka yi yawancin rubutun, ta haɗa su da kalmomin umarni uku da suka samo asali daga lissafin George Boole, masanin Ingila na ƙarni na 19. In ta rubuta groundwater AND Kaduna, rumbun zai kawo takardun da suka ƙunshi kalmomin biyu kaɗai. OR yana faɗaɗa nema, misali well OR borehole. NOT kuma yana tsame abin da ba ta so. Daga nan sai ta taƙaita shekarun, ta karanta tsakuren kowace takarda kafin ta sauke ta.

Samun takarda rabin aiki ne. Wa ya rubuta ta? A wace mujalla? Masana sun tantance ta kafin a buga? Akwai mujallun bogi da ke buga kowane irin shirme muddin an biya su. Haka manhajojin ƙirƙirarriyar basira sukan ƙago sunan littafin da babu shi a duniya, don haka duk madogarar da suka bayar sai an bi sawunta.

Jami'o'inmu suna koyar da amfani da ɗakin karatu a shekarar farko, lokacin da ɗalibi bai san zafin bincike ba. Kafin ya kai ajin ƙarshe ya manta, shi ya sa wasu ke faɗawa sayen kundi a shagunan buga takardu. Ya kamata a maimaita horon a aikace, gaban kwamfuta, daidai lokacin da ake zaɓen taken kundi, malamin sashe da jami'in ɗakin karatu su haɗa hannu.

Kai kuma ɗalibi, matambayi ba ya ɓata. Je ka ɗakin karatun makarantarku, ka tambayi rumbunan da aka yi wa rajista, ka karɓi lambar shiga, ka nemi a zauna da kai a nuna maka. Haƙƙinka ne, kuma aikin da aka ɗauki jami'an ɗakin su yi ke nan.